Labarin Ruwan da Ya Kwana Wata Huɗu a Akwati

Zuwa ga: Mai girma Mushe Kumandan, Barikin Dakoro.

Daga: Kalla Ɗangoggo, tsohon jagoran ayari, mazaunin unguwar da ke yamma da kasuwar raƙuma, Dakoro.

Ranar Juma'a, 17 ga Afrilu, 1959.

Game da: muryata da aka saka a radiyo ranar 6 ga Maris ba tare da an faɗi ranar da na yi maganar ba, da ɓarnar da ta biyo baya.

Ranka shi daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, da fatan Mushe yana lafiya tare da iyali da ma'aikatan bariki baki ɗaya, ina kawo kukana gabanka, don an ce akwatin radiyon da ke ƙofar biro, wato ofishinka, a ƙarƙashin ikonka yake.

Ban shiga lakwal ba, makarantar nan taku ta boko, allo ma iyakar abin salla na sani. Malam Harisu mai rubuta takardu a bakin kasuwa shi ke riƙe da alƙalami, na kuma ce masa ya sa ladabin da ake sa wa manya, amma kada ya gyara mini baki.

Kafin in shiga magana, ya kamata Mushe ya san wanda ke gabansa. Shekaruna sun haura saba'in. Yunwar Kakalaba ta same ni da gemuna, na ci anza, na tone rumbun tururuwa, na binne 'yan'uwana biyar da hannuna, ni kuwa ga ni. Shekarar fara ta zo ta wuce ta bar ni tsaye. Na faɗa rijiya mai gaba talatin a Korahane, na hau igiya da karyayyar cinya, ban ce wayyo ba. Sau goma sha tara na ja ayarin gishiri, ban taɓa ɓatar da raƙumi ɗaya don ƙishirwa ba. Kumandan huɗu kafin kai ni na nuna musu hanya a daji, ɗaya har ya ba ni bargo. Daga Birnin Lalle zuwa arewacin Azagor, idan aka ce Kalla ya ce akwai ruwa a wuri kaza, makiyayi ba ya ƙara tambaya, tantinsa yake kwancewa. Ba ni da garke, gonata kuma ba ta fi shimfiɗar tabarma ba. Wannan sunan shi ne duk abin da na tara.

Ga ƙorafina bi da bi.

1. Ranar Juma'a 17 ga Oktoba, 1958, da hantsi, Jimrau ya sauka ƙofar gidana a mota, da wani akwati mai zare yana juyawa, wanda ya ce yana kama magana. Jimrau ɗan ƙanwata ne Uwale, Allah shi jiƙanta. A gidana ya yi wayo, ni na rataya masa wando na fari, ni kuma na kai shi lakwal a kan raƙumina ranar da aka zo neman yara, mutane na ɓoye nasu a rumbu. Yanzu yana aikin ɗaukar magana wa wani gidan radiyo. Ya durƙusa ya ce Kawu, a duk ƙasar nan babu wanda ya cancanci a ji shi kamar kai. Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Na yanka masa ɗan akuya. Na yi wa akwatin magana tun hantsi har azahar, na ba shi labarin yunwa da na rijiya da na ayari. Can ƙarshe ya tambaye ni halin da daji ke ciki. A lokacin dawowata ke nan daga arewa, sai na faɗi abin da idona ya gani: shekaranjiya na baro tabkin Aduwa Bakwai, ruwa har ƙirjin raƙumi, ciyawa kuma ko kofato bai taka ta ba, mai dabba ya nufi can.

2. Ina roƙon Mushe ya lura da wannan wuri da kyau, don nan maganar take. A ƙasarmu gari da gari kwana biyu ne, rijiya da rijiya wani lokacin uku. Idan matafiya biyu suka gamu, kafin a tambayi lafiyar iyali ana tambayar ruwa da ciyawa, kuma wanda ya ba da labarin ruwa dole ya faɗi ranar da ya gan shi. In kwana goma ne ya ce kwana goma, mai ji shi zai auna da rana da iska ya san abin da ya rage. Labarin ruwa nono ne, ba ya son kwana. Wanda ya ɓoye kwanan labarinsa daidai yake da wanda ya zuba ƙasa a rijiya. Na faɗa wa Jimrau wannan, ko da yake ya sani tun yana tsirara. Na ce in ba za a saki maganar tabkin cikin satin nan ba, a yanke ta a yar. Ya dafa ƙirji ya ce kafin Juma'a mai zuwa duk duniya ta ji. Malam Harisu da ke rubutun nan yana zaune a wurin, ya ji da kunnensa.

3. Juma'a uku a jere na sa babbar rigata na je ƙofar biro na zauna gaban radiyo tare da jama'a. An yi Faransanci, an yi Zabarmanci, an yi kiɗa, an faɗi kuɗin gyaɗa, sai batir ya yi sanyi, gardi mai tsaron biro ya ɗauke akwati. Ban ji kaina ba. Na ce watakila zaren ya tsinke a hanya, na bar zancen.

4. Ranar Juma'a 6 ga Maris, 1959, wato bayan wata huɗu da kwana goma sha bakwai, kwana kaɗan kafin azumi, kasuwa na tsakiyar ci, aka saki muryata. An yanke yunwa, an yanke rijiya, an yanke ayari goma sha tara, duk abin da ya sa na zama Kalla an zubar. Abin da aka bari shi ne shekaranjiya na baro tabkin Aduwa Bakwai, ruwa har ƙirjin raƙumi. Ba a ce tun lokacin kaka na yi maganar ba. Ba a ce komai ba, sai aka ce ga Kalla Ɗangoggo na Dakoro zai yi wa makiyaya bayani. Ni kuwa a ranar ina Birnin Lalle wajen ɗiyata, ƙafar nan ta rijiya ta tashi, ina kwance.

5. Cikin waɗanda ke tsaye gaban radiyon akwai Agali, Buzu makiyayi daga wajen Azagor, aminina na shekara arba'in. Mun sha ruwan salka ɗaya a hanyar gishiri, ya taɓa ɗaukata a bayansa wuni guda. Ya zo kasuwa ne da damuwa, don rijiyarsu ta ja ƙasa, garke bakwai na layi a bakinta, shanunsa sai bayan kwana biyu suke samun sha. Ya ji muryata, ya san ta ko cikin barci. Ba sakarai ba ne, Mushe, ya san tabki ba ya yawan kai wa Maris. Amma wannan tabki a shekarar ruwa mai yawa ya taɓa kai wa bazara, mu biyu mun gani da idonmu sau biyu. Duk da haka bai tafi kai tsaye ba, sai da ya biyo gidana ya tabbatar. Aka ce masa Kalla ya yi tafiya. Sai ya ce a ransa to lalle can ya tafi inda ake magana cikin akwatin, daga arewa ya wuce. Shi da duk wanda ke wurin, in ka cire 'yan lakwal, abin da suka sani shi ne mai magana a radiyo yana zaune ne wani wuri yana yin ta a lokacin. Wa ya taɓa gaya musu ana ajiye murya kamar hatsi a rumbu?

6. Agali ya bar layinsa a rijiya, ya kora shanu sittin da uku, kwana uku cikin rana, da azumi a bakinsa. Ya tarar da tabkin ya tsattsage, ko tsuntsu babu. Komawa kwana uku ne, gaba kwana huɗu. Ya juyo. Shanu goma sha tara suka iso rijiya, kuma da ya iso wasu sun shiga layinsa. Na ji gida biyu sun bi sawunsa, amma sun gamu da shi a hanya suka koma, Allah ya taƙaita.

7. Ranar 2 ga Afrilu Agali ya zo gidana. Na miƙe da murna, ban san komai ba tukuna. Bai karɓi hannuna ba. Ya ja amawali ya rufe fuska har ido, kamar yadda suke yi gaban baƙo, shi da ke cin tuwo a gabana fuska buɗe. Na kawo tabarma ya ƙi zama. Abin da ya ce kawai shi ne: “Kalla, me na yi maka?” Na rantse masa maganar kaka ce, na ce an ajiye ta ne a zare. Ya ce shi da kunnensa ya ji na ce shekaranjiya, kuma bai taɓa ganin maganar da ta fita bakin mutum ta zauna ta jira shi wata huɗu ba. Ya hau raƙuminsa. Mushe, na ga yunwa, na ga ƙasan rijiya, ban zubar da hawaye ba. Wannan rana kuwa, Malam Harisu, bar ta haka kawai, wuce gaba.

8. Da ƙaramar Salla Jimrau ya zo gida. Bai zo gaishe ni ba, sai ni, kawunsa, na bi shi har inda yake shan shayi da 'yan biro. Na tambaye shi a hankali. Ya ce zaruruwa layi suke bi, lokacin Hausa kaɗan ne, ana cika shi da abin da ya zo hannu, ranar nan an sami gurbi sai aka ɗauko nawa. Na ce to ina alkawarin da ka dafa ƙirji? Ya ce bai tuna ba. Na ce ka zo mu je wajen Agali ka faɗa masa da bakinka. Sai ya juya wajen abokansa ya yi magana da Faransanci, suka yi dariya. Ba na jin Faransanci, amma na ja ayari da ƙabila bakwai, na san kamannin dariyar da ake yi wa tsohon da aka ce ya ruɗe. Ya koma bakin aikinsa kwana biyu bayan Salla, bai yi mini sallama ba.

Yanzu in na ratsa kasuwa sai mahauta su ce Baba Kalla, ruwan yau ne ko na bara? Makon jiya wani Bafillace ya zo yana tambayar hanyar rijiya, ina zaune a wurin, aka tsallake ni aka nuna masa wani wanda bai taɓa wuce Korahane ba.

Ban zo neman a biya shanu ba. Na san ba a biya, kuma ko an biya ba su ne Agali ya tambaye ni ba. Ban kuma ce a ɗaure Jimrau ba, ɗan Uwale ne, Allah ya isa tsakanina da shi. Radiyo ma ban ƙi shi ba. Ƙasa mai faɗi irin tamu tana bukatar abin da ya fi raƙumi gudu, na yarda. Amma abin da ya fi raƙumi gudu, in ya ɗauko tsohon labari, ɓarnarsa ma ta fi ta raƙumi gudu.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mushe Kumandan abubuwa kamar haka.

Na farko, a rubuta wa shugabannin Jimrau su faɗa a radiyo, da Hausa da Buzanci da Fillanci, Juma'a uku a jere lokacin cin kasuwa, cewa maganar Kalla Ɗangoggo ta tabkin Aduwa Bakwai ranar 17 ga Oktoba ya yi ta, kuma a ranar gaskiya ce.

Na biyu, tun da a iya sanina akwatin radiyo uku ne kawai a duk ƙasar Dakoro, kuma babu ko ɗaya a bakin rijiya, a sa gumiye, dakarun nan naka da ke zagaya daji a kan raƙuma, su faɗi wannan magana a kowace rijiya da suka sauka.

Na uku, daga yau duk muryar da aka ajiye, in za a sake ta, a fara faɗin ranar da aka ɗauke ta, musamman in zancen ruwa ne ko ciyawa ko ciwon dabbobi. Wannan ba sai an je lakwal ake saninsa ba.

Na huɗu shi ne babba, in ma sauran ba su samu ba a yi mini shi. A aiko da akwatin nan mai zare, da zarena a ciki, a kai shi rijiyar da Agali yake. Ni zan ja masu kai shi, da ƙafar nan tawa, ba na bukatar mota. A zaunar da ni gaban Agali, in rufe bakina, a murɗa akwatin ya yi magana da muryata, ya gani da idonsa ina zaune shiru. Takarda ba za ta gamsar da shi ba, rantsuwata ma ta kasa. Wannan kaɗai zai yarda da shi.

Ina roƙon a yi shi kafin ruwan farko. Da zarar hadari ya zuba Agali zai kora abin da ya rage masa arewa wajen lasar gishiri, ba zai sauko ba sai kaka. Shi ya girme ni da shekara biyu, ni kuma ƙafata kullum tana ƙara nauyi. Na tsallake abubuwa da yawa, Mushe, amma ba ni da tabbacin mu biyu za mu kai kaka.

Allah shi ja zamanin Mushe Kumandan, shi ba shi ikon duba kukan talakansa. Ina zaune ƙofar gidana kowace safiya, duk wanda aka aiko zai same ni.

Naka mai biyayya,

Kalla Ɗangoggo
(ya dangwala babban yatsansa na dama)

Wanda ya rubuta da faɗarsa, kuma shaida kan abin da ke lamba ta biyu: Malam Harisu, bakin kasuwar Dakoro.