Gam ɗin Feshi da Allurar Inno

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Maigidana, Baban Nana, ya dawo daga Funtua da wani gwangwani, kamar na maganin sauro. Wai gam ne na feshi, da shi teloli suke haɗa bargo yanzu. A fesa, a manna yadin ƙasa da audugar tsakiya da yadin sama, sai a hau keken ɗinki. Barguna shida ke jirana na Hajiya Tsohuwa, kuma a gidan nan riƙe bargo ɗaya da allura kwana biyu yake cin Inno. Uwata ce, amma gaskiya gaskiya ce: idonta ya yi rauni, ni kuma ba ni da haƙuri.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na gwada. A tsakar gida na shimfiɗa, don warinsa ba na ɗaki ba ne. Na danne gefuna da duwatsu, na girgiza gwangwani, na fesa a kan audugar daga nesa kamar taki ɗaya. Rabi-rabi na yi, ina shafewa da tafin hannu daga tsakiya zuwa baki. Kafin ruwan shayi ya tafasa na gama. Ko tattara ɗaya babu.

Inno tana bakin ƙofa da allurarta, ta riga ta sa zare. Ta ce, "Har an gama?" Na ce an gama. Ta soke allurar a ɗankwalinta ta shiga ciki.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Zumuɗi ya sa na cika feshi a na biyu. Allurar keke ta yi danƙo, zare ya tsinke sau bakwai, na zagi keken da bai yi mini komai ba. Kaɗan ya isa ashe.

Asabar, 12 ga Oktoba

Barguna uku sun fita. Daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Inno ta share tsakar gida sau biyu yau, ta tsince shinkafar da na riga na tsince. Da la'asar na ji tana waya da Yaya Shitu. "In an gama girbin dawa ka zo ka ɗauke ni. Zama haka nan ciwo ne."

Garinmu Dayi za ta koma. Gidan da tun rasuwar Baba babu kowa sai Yaya, shi kuma yini yake a gona. Wa zai duba ta sha maganin hawan jininta? Na ce mata me aka yi mata a nan. Ta ce, "Ba a yi mini komai ba, 'yar nan. Ni ce ba na yin komai."

Na yi fushi. Ni da na ce hutar da ita nake yi. Shekara uku tana durƙushe a kan bargunana, ban taɓa tambayarta ko hutun take so ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na ce wa Baban Nana laifinsa ne. Ya ce shi gwangwani ya kawo, ba shi ya fesa ba. Na ji haushi, don ya fi ni gaskiya.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na yi ƙarya, Allah Ya yafe. Da ta shiga maƙwabta barka, na fesa na biyar da sauri, na bari ya sha iska. Da ta dawo na ce gam ɗin nan yaudara ce, yana saki a ƙarƙashin keke, ta taimaka ta riƙe mini da allura. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in sa mata zare.

Ɗinkinta ya karkace sosai, wani wurin ma bai kama yadin ƙasa ba. Ban san idon ya kai haka ba. Bargon dai bai motsa ba, tunda gam na riƙe da shi. Tana yi tana ba Nana labarin auduga ta da, har da dariya.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Hajiya Tsohuwa ta aiko sau biyu. Na ce ta ƙara mini kwana uku. Ni ce na faɗi haka, ni mai gaggawa. Ba wani abu ba ne, bayana ne ke ciwo.

Yaya Shitu ya kira, Inno ta ce masa akwai aiki a hannunta tukuna.

Da safe na kai mata na shida, na zauna kusa ina sa mata zare. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Na gaba ki rage feshin nan a gefe-gefe, Mansura. Yana riƙe mini allura."

Na ce to.