Sai An Gama Yankan Riɗi

Asabar, 5 ga Oktoba, 1985

Riɗin Alhaji Kassim ya nuna. Na zaga gefen gabas da tarakta, ƙwanson ƙasa ya yi rawaya, ganye ya fara zuba. Gobe lauje zai shiga. Mudi shugaban ma'aikata ya kawo mutum sittin da wani abu daga Gadarif, lori biyu. Kwana goma ke gare mu. In ya wuce haka ƙwanso zai buɗe baki, ƙwaya ta zube ƙasa, sai dai tururuwa su gode.

Yaya Ummuhani ta iso kambo, sansanin ma'aikata a gona, da tukwanenta a lori na biyu. Ni na nema mata aikin dafa wa ma'aikata abinci, don tun da mijinta, wana Yaya Jibrin, ya rasu bara ba ta da abin yi, ga 'yan mata biyu. Ta bar su wurin Goggo. Tana sauka ta ce, "Ƙaramin miji, matarka na ɗaukar tukunya kana tsaye kana kallo?" Kowa ya yi dariya. Na ɗauka.

Litinin, 7 ga Oktoba

Rana. Ruwan hafiri, tafkin da muke sha, ya fara warin kwaɗo.

Talata, 8 ga Oktoba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba, amma in ban rubuta ba kaina zai gyara shi.

Kafin azahar na dawo kambo ɗaukar durom na ruwa. Kowa na gona. Na ga boksin Alhaji, motarsa a-kori-kura, a bayan ɗakin ajiyar abinci, ba a gaban rakuba, rumfar hutawa, inda ya saba tsayar da ita ba. Na kashe tarakta. Sai na ji murfin tukunya ya faɗi a cikin ɗaki, na ji muryar Yaya ta ce, "Ka ji tsoron Allah!" Sau biyu.

Alhaji ya fito. Hularsa a karkace, tuwon asida mai zafi manne a wuyan hannunsa yana sharewa da gefen jallabiya. Yaya ta fito bayansa da muciya a hannu, mayafinta ya yage daga kafaɗa, kitsonta a waje. Ba ta yi kuka ba. Haƙoranta ne kawai ke haɗuwa.

Ya dube ni ya ce, "Nagoggo, ruwa ya ƙare ne?"

Na ce, "Eh, Alhaji."

Har na ce masa sannu da rana. Wallahi na ce. Ya shiga mota ya tafi, ni kuma na cika durom.

Laraba, 9 ga Oktoba

Da safe wurin shayi Yaya ta miƙe a gaban maza sittin ta faɗi abin da ya faru da bakinta. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ta ɗaga mayafin aka gani. Mudi ya jefar da laujensa ƙasa, saura suka bi. Ya ce ba wanda zai taɓa riɗi sai dattawa sun zauna judiyya, zaman sasanci, a nan kambo, Alhaji a zaune, ita a zaune, kowa na ji.

Yini guda ba a yanka ko dami ɗaya ba. Na zauna a inuwar tarakta, da iska ta kaɗa sai in ji kamar ƙwanso na fashewa. Wataƙila kunnena ne.

Ba wanda ya tambaye ni ko na ga wani abu. Ni ma ban ce ba. Yaya ta dube ni sau ɗaya.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Baba Ɗantsoho ya zo a boksin Alhaji, amma ban da Alhaji. Shi ne babban dattijon unguwarmu, shi ya raɗa mini suna, shi ya yi wa Yaya Jibrin salla. Ya zauna a rakuba ya ce magana irin wannan ba a yanke ta a daji tsakanin baƙi. A bari a gama yanka, kwana bakwai kacal, sannan a zauna a gari yadda ya kamata. Ya kama gemunsa ya ce shi ya ɗauka a wuyansa.

Mudi ya ce, "Ya Baba, bayan yanka wa zai neme mu? Yau Alhaji ke neman mu."

Baba ya ce, "Kai waye nata? Tana da waliyyi a nan." Ya nuna ni.

Duk suka juyo. Ban taɓa jin nauyin ido irin wannan ba. Na ce a ba ni lokaci, na je wurin murhu. Yaya na tuƙa asida, ba ta ɗago ba. Na ce, "Yaya, abinci ne a gona, in ya zube alhakin zai hau kanmu. Kuma Baba ya kama gemu. Mu yi haƙuri kwana bakwai."

Ta ce, "Kana tsammani don Allah aka turo dattijo da mota? Don riɗi aka turo shi. Yau riɗi na tsaye, ni ma ina tsaye."

Na ce kwana bakwai ba shekara ba ce. Ta ƙarasa tuƙin, sannan ta ce, "Kai ne namiji. Je ka faɗa musu."

Na je na faɗa. Mudi ya ɗauki laujensa bai dube ni ba. Ya ce, "Halas, shi ke nan, ya jama'a. Mai haƙuri ya yi magana."

A unguwa kowa ya san ni da haƙuri. Goggo kan ce tun ina goye ban cika kuka ba. Ina ganin na yi daidai.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Aiki na gudu. Alhaji bai sake leƙowa ba, wakilinsa ke zuwa. An kawo rago an yanka wa ma'aikata, abin da ba a taɓa yi ba. Yaya ce ta dafa. Ba ta ci ba.

Ta daina ce mini ƙaramin miji. Nagoggo kawai, shi ma sai in ruwa take so.

Juma'a, 18 ga Oktoba

An gama. An jingina dammuna tsaye suna shan rana, layi-layi har ƙarshen ido. Lori ya kwashe mutane da hantsi: wasu Doka, wasu Ƙala'at an-Nahal, wasu can yamma inda suka fito. Waɗanda suka ga mayafin nan duk sun watse cikin awa ɗaya. Sai da ƙurar lori ta kwanta na lura da hakan.

Laraba, 23 ga Oktoba

Gadarif. Na je wurin Baba Ɗantsoho. Alhaji ya tafi Khartum neman kayan gyaran tarakta. In ya dawo.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Alhaji ya dawo tun Talata. Baba ya ce yanzu kuma shi ƙafarsa ke ciwo.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Magana ta juya. A wurin mai shayi na kasuwa na ji wani na cewa gwauruwa ce ta so Alhaji ya aure ta, ya ƙi, sai ta yaga mayafinta. Wani ya ce mace mai kamun kai me ya kai ta kambon maza tun farko. Ni na kai ta. Ina zaune a bencin, kofi a hannuna, suka gan ni suka koma zancen farashin dawa.

Babbar 'yar, Fatu, ta ƙi zuwa makarantar allo. Goggo ta matsa mata, ta ce yara na yi mata waƙa da muciya. Shekararta takwas.

Na sake komawa wurin Baba. Yau bai ce ƙafa ba. Ya zaunar da ni ya ce, "Ɗana, ka san Alhaji zai tsaya neman kujerar majalisa. Kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan, har yau in an yi rabo mu ne na ƙarshe. Karo na farko ke nan da namu zai zauna inda ake yanke magana. Ruwan unguwa, takardun yaranmu. Kana so a ce ga abin da mutanenmu ke yi?"

Na ce, "Baba, ita ma tamu ce."

Ya ce, "Shi ya sa za ta yi haƙuri."

Duk hanyar gida ina neman inda maganarsa ta karkace. Na ji a jikina ta karkace, amma karatuna bai kai in nuna wurin ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

An zauna yau bayan la'asar.

A zauren Alhaji aka zauna. Darduma tasa, gahawar jabanar da aka sha daga cikin gidansa ta fito. Dattawa bakwai, da liman, da ni. Na tambaya ko in kira Yaya, Baba ya ce mace ba ta zama judiyya, ai ga ni. Mudi kuwa ba a ma gaya masa ba.

Baba ya yi magana mai tsawo. Zumunci, maƙwabtaka, yadda Alhaji ya sayi likkafanin Yaya Jibrin. Ya ce Shaiɗan ne ya shiga tsakanin Musulmi biyu a ranar zafi, kowa ya fahimci ɗan'uwansa ba daidai ba. Bai faɗi abin da ake zargin ba ko sau ɗaya. Wanda ya shigo daga waje zai ɗauka rigimar iyakar gona ce.

Alhaji ya ce in ya ɓata wa wani rai bai sani ba, to malesh, wato a yi haƙuri. Ina kallon wuyan hannunsa. Ƙunar ta warke, ta bar tabo fari kamar girman dabino. Duk sanda ya miƙa hannu ɗaukar finjali sai hannun riga ya ja baya, sai ya gyara.

Ina jira a ce, Nagoggo, me ka gani? Na shirya maganar tun daga gida, daga murfin tukunya har hula. Na ce a raina ba a katse manya, za a zo kaina. Sai na ji liman ya ce, "Al-Fatiha." Hannuwa suka tashi. Nawa ma suka tashi. Ban ce musu su tashi ba.

In an shafa Fatiha magana ta mutu. Wanda ya tone ta shi ne mai laifi.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yaya na wanke-wanke na shiga. Na faɗa mata an yi sulhu.

"Ya amsa?"

"Ya ce malesh."

"An tambaye ka?"

"A'a."

"Ka shafa?"

Na ce eh.

Ta ci gaba da cuɗa kwano ɗaya, wanda ya riga ya fita. Can ta ce, "Da Jibrin ne, da ya yi hauka an ɗaure shi. Kai kuwa ba wanda zai taɓa ɗaure ka." Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma da faɗa ne.

An aiko da sabon mayafi daga gidan Alhaji, cikin takarda. Ta mayar ba ta buɗe ba. Yanzu an ce ta raina dattawa.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Ta tafi Doka wurin yayanta, da yaran. Goggo ta yi kuka a tasha. Na ɗora musu kaya a lori, na ɗaure da kyau. Fatu ta ɗaga mini hannu. Yaya ta ce, "Allah ya ba ka lada," irin yadda ake ce wa ɗan dako.

Talata, 3 ga Disamba

Gidan ya yi faɗi. Goggo na dafa abincin mutum biyar har yanzu, sai ta tuna.

An manna hoton Alhaji a bangon injin niƙa. Sun rubuta amintacce a ƙasa. Na iya karanta wannan.

Alhamis, 12 ga Disamba

Dawa ta isa yanka, jibi za a koma kambo. Wakilin Alhaji ya ce in nemo mai dafa abinci tunda na san mutane.

Yau a wurin mai shayi, bayan azahar, benci cike, wata mata mai suna Larai ta zo ta tsaya daga gefe. Mijinta na kwance ba lafiya tun damina. Ta ce an ce ni ke ɗaukar mai girki. Sai ta sassauta murya ta ce, "Ɗan'uwana, don Allah, maganar da ake yi kan waccan, ƙarya ta yi ko?"

Na ce ba ƙarya ba ce. Na ce ina wurin.

Na faɗa mata inda aka tsayar da mota, da murfin tukunya, da abin da na ji Yaya ta ce sau biyu, da asidar, da hular. Na ce duk mai shakka ya dubi wuyan hannun dama na Alhaji in ya miƙo gaisuwa. Har sannu da ranar da na yi masa na faɗa. Ban ɗaga murya ba, amma ban kuma sassauta ba, mai shayi ya tsaya da buta a sama. Wani ya ce, "Ya zol, kai mutumin nan, an shafa Fatiha fa!" Na ce na sani, da hannuna na shafa.

Larai ta ja mayafinta ta tafi. Ban sani ba ko za ta nemi aikin ta wata hanya. Mai yiwuwa ta nema, yunwa ce.

Kafin magariba wakili ya aiko a karɓi makullin tarakta. Baba Ɗantsoho ma ya aiko in je. Ban je ba tukuna.

Ba wani abu na yi ba. Tambayata aka yi, na amsa. Wata biyu ke nan ba wanda ya tambaya. Kuma me ya gyara? Riɗi na cikin buhu, Fatu ta bar makarantarta, wadda ya kamata ta ji ba ta nan.

Akwai lorin Doka gobe da safe. Ban ce zan shiga ba. Na dai wanke riga.