Maɓallin Riga

Paraná, Yuni 1929

Zuwa ga ƙanwata Casilda a Goya. Yayarki Eulogia ce ke magana, maƙwabciyata Fermina ke rubutawa.

Ina gaisuwa. Ya ƙafar taki, ya yara? Mu nan lafiya lau, tarin ma da sauƙi.

Kin san na biyo jikata Benigna nan, tana koyon aikin malanta na ƙananan yara, ni kuma ina share musu aji. Nasu salon daban ne. Wai yaro ya yi abinsa da kansa, malama ta zuba ido. Ni da na raini 'ya'ya tara, yaushe na taɓa jin haka?

Ran Talata aka zo jarraba ta. Wata 'yar mitsitsiya tana ta fama da maɓallin rigarta, Benigna ta durƙusa gefe tana kallo. Na ga yarinya za ta yi kuka, na ajiye tsintsiya na ɓalla mata. Shugabar makarantar ta dube ni, ta yi rubutu a takarda. Benigna ta ce a hankali, "Kaka, saura kaɗan fa ta iya."

Tun ranar ba ta sha shayin mate da ni ba. Litinin za a faɗi sakamako. Ki kunna mata kyandir a coci, Allah ya saka miki. In ta dawo gida ba takardar shaida, kar ki bari a ce ta kasa. Ki ce ni ce.

Fermina, na gaji.

Iyakar abin da Eulogia ta faɗa ke nan, sai ni Fermina na ajiye alƙalami.