Kantar da Hannuna Ba Ya Kaiwa

Klamath Falls, farkon Satumba

Yayata Glenda,

Gaisuwa mai yawa tare da kewa. Yaya ƙarfin jiki, yaya gwiwar nan taki mai taurin kai? Ina gaida maigidanki Russ da jikoki, da fatan kowa lafiya. Ni ma da sauƙi, in dai ba a tambayi yatsuna ba.

Na ga wasiƙarki, na ga faɗan da ke ciki. Na gode da ɗakin da kika ce za ki ba ni, amma kin san halina tun muna yara. Ba zan tare a ɗakin ɗinkinki ina jin minsharin Russ ta bango ba. Kuma Alden yana nan. Ba zan tafi Ohio in bar mijina a gidan kula da tsofaffi ba.

Maigidan haya ya sayar da gidan, dole in fita kafin dusar ƙanƙara ta sauko. Abin da ya rage mini shi ne tsohuwar motar raba burodin da Alden ya saya, wadda ya ce zai mayar mana da ita ɗaki mu riƙa bin rana zuwa kudu duk lokacin sanyi. Daɓenta kawai ya shimfiɗa ciwon mantuwa ya kama shi. Mutumin da ya tsufa yana aikin kafinta, wata safiya na same shi riƙe da guduma yana juya ta, bai san amfaninta ba. Wannan Alden ne fa, wanda duk gidan da muka shiga yake kafa mini kantar ajiye kaya daidai kafaɗata, yana tsokanata wai ya auri guntuwa.

Na ce zan ƙarasa aikin da kaina. Yi dariyarki, na ba ki izini. Falanki ɗaya na jawo daga gareji, ya faɗo mini a ƙafa, na zauna a ƙasa ina zagin katako. Amosanin gaɓɓai ya lanƙwashe mini yatsu, ko murfin kwalbar zuma sai na jira mai kawo wasiƙu ya buɗe mini.

Matar fasto ce ta nuna mini hanya. Akwai mutanen da ke zaune a motocinsu, duk kaka suna yada zango a filin bayan coci kafin su wuce kudu, suna taya juna gyaran mota. Kai dai ka kawo katako da abinci. Shugabarsu wata ce Consuelo, guntuwa irina, bakinta ya fi zartonta kaifi. Ta dubi hannayena, ta dubi motar, ta ce an sa ni a layi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle irin nawa.

In Allah ya yarda kafin sanyi zan ɗauko Alden mu kama hanya. Ki taya ni addu'a, ki rage faɗa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Noreen

Klamath Falls, Oktoba

Yayata Glenda,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Yaya gwiwa, kin je an duba ta ko kina nan kina shafa man zafi kina yaudarar kanki? Safar da kika saƙa mini ta iso, na gode.

An gama motar. Ya kamata in rubuto miki cikin murna, amma bari ki ji yadda aka yi.

Mutanen nan suna da al'ada. Kafin a yanka ko katako ɗaya, sai a kifa bokiti a tsakiyar motar, mai ita ya zauna, ya miƙa hannu sama da gefe, ya tashi, ya sunkuya. Duk inda hannunsa ya tsaya ba tare da ya yamutsa fuska ba, nan ake ja layi da fensir. Gado, kanta, mariƙin da ake kamawa a tashi, duk a kan wannan awon ake yinsu. Kuma sau ɗaya ake yi wa kowace mota, don akwai masu jira a baya.

Da Consuelo ta kifa bokitin, na ƙi zama. Na ce mu biyu za mu zauna a ciki, kuma mijina dogo ne, bayansa ba ya son sunkuyo. Na nuna musu da hannu inda kansa yake kaiwa a bakin ƙofa, na kawo tsohon wandonsa aka auna tsawon gado. Consuelo ta ja ni gefe ta ce, "Mama, tsakani da Allah, wa zai riƙa sauko da kofi kullum da safe, ke ko shi?" Na ce mata motata ce. Ta ɗaga kafaɗa ta ce kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, ta koma ta sa aka ja layi a sama.

Ba ni da bakin gode musu. Wani ƙato mai suna Hoyt, tsohon direban babbar mota, shi ya kinkimi duk abin da ya gagare ni, yana cin burodin masarata yana cewa ya fi na tsohuwar matarsa, ko da yake ita ma bai taɓa ganin ta gasa ba. Suka toshe bango don sanyi, suka ɗora sola a rufi, suka sa famfon da ake takawa da ƙafa saboda yatsuna. Ni aikina dafa wake da riƙe fensir.

Da suka gama na shiga ni kaɗai. Na miƙa hannu zan ajiye gwangwanin kofi, bai kai ba. Na yi ɗage, kafaɗata ta amsa. Gadon ya yi mini tudu, sai na taka akwati nake hawa. Ban faɗa wa kowa ba.

Ma'aikaciyar da ke kula da Alden ta ce kada in sa rai da yawa, wai mutum a halinsa ba ya jure sabon wuri. Ita ba ta san shi ba. Ƙamshin sabon katako kaɗai zai dawo mini da shi. Ranar Lahadi zan kai masa motar ya gani.

Taki har kullum,
Noreen

Klamath Falls, Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Da fatan ke da Russ kuna lafiya. Ki yi haƙuri da shiruna, na kasa riƙe alƙalami ne, kuma wannan karon laifin ba na yatsu ba ne.

Na kai masa motar. Aka turo shi a keken marasa lafiya, sanye da rigar sanyin wani. Da muka taimaka masa ya hau, sai ya miƙe tsaye sosai, ya shaƙi iska, ya fara shafa katako da tafin hannu yadda ya saba. Glenda, zuciyata ta kusa fitowa. Ya bi kusurwoyi da babban yatsa, ya jijjiga kantar, ya gyaɗa kai. Ya ce aiki ya yi kyau.

Sannan ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa, cikin ladabi, ya ce, "Baiwar Allah, taki ce? To an cuce ki. Wannan awon dogon mutum ne. Ki ce wa mijinki ya sauke miki kantar nan."

Fensirin awo yana aljihuna, ban san lokacin da na miƙa masa ba. Bai nemi ma'auni ba, bai ƙara dubana ba. Ya ja layi a bango, ƙasa da kantar, miƙaƙƙe kamar da. Na matsa na jingina. Daidai kafaɗata.

Bayan nan sai ya fara waige-waige, ya ce a mayar da shi gida kada ya rasa abincin rana. Ɗakinsa na can yake nufi. Ashe ya riga ya tare, ni ce ban sani ba. Na so in yi kururuwa, in ce masa ni ce guntuwarka, dominka na bar hannuna yana lilo a iska. Sai kawai na gyara masa wuyan riga.

Ayarin ya wuce kudu, amma Consuelo ta tsaya ta ƙara kwana, ta karya dokarsu saboda ni. Na nuna mata layin. Ba ta ce ai na faɗa miki ba, ko da yake na ga maganar a bakinta. Ta sauke kantar a kan layinsa, ta rage ƙafafun gadon. Tsawon gadon kam na hana a taɓa.

Na miƙa mabuɗin gida. Fasto ya bar ni in ajiye motar a bayan coci, kusa da Alden, har sanyi ya wuce. Kudu kuma sai wani jiƙon. Kada ki damu, akwai ɗumi a ciki, kuma yanzu ina sauko da kofina da kaina. Sai dai kullum in na miƙa hannu ya kai, sai na yi kuka.

Abu ɗaya ya rage ban faɗa miki ba. Da za a tura shi ciki, ya ɗaga mini hannu, da murmushin nan nasa da kika sani, ya ce in gaida maigida. Na ce zai ji.

Ki gaida kowa. Ki riƙe Russ da kyau, da minsharinsa da komai.

Ƙanwarki,
Noreen