Ni Na Wanke Rabi

Zongo, Kwatano,
14 ga Maris, 2023.

Zuwa ga Yayana Muhuyi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Anti Zahra'u da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah Ya ji ƙan Rabi, Ya haskaka kabarinta.

Na rubuto na ba direban Jega ya kawo maka ne saboda sau uku ina kiran ka, da na fara magana sai ka ce a bar wa Allah, ka kashe waya. Wannan karon ka daure ka karanta har ƙarshe.

Na ji an gaya maka na kunyata gidanmu, wai na tsare gawar ƙanwata kwana biyu na hana a kai ta makwancinta. Gaskiya ne, na yi. Dalilin ne ba a gaya maka ba.

Ranar Talata da hantsi ina rumfa ina auna wa wata mata atamfa, Saminu, mijin Rabi, ya aiko wai matarsa ta zame a banɗaki, rai ya yi halinsa. Kafin mai zemijan, wato ɗan acaɓa, ya sauke ni a ƙofar gidan har an shimfiɗa tabarmi. Ni da Inna Mamata, tsohuwar da ke wa matan unguwar nan wankan gawa, muka shiga. Yaya, da muka yaye zane, abin da na gani ba zan daina ganinsa ba har in mutu. Shatin yatsu a wuyanta. Bayanta duk sawun wayar wuta, sabo a kan tsoho. Yatsunta biyu na hannun dama a karye, hannun da take zana wa amaren Zongo lalle da shi. Inna Mamata ta ajiye buta, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, shekara talatin ina wannan aiki. Wannan ba faɗuwa ba ce."

Na lulluɓe ta, na fito na zauna a bakin ƙofar ɗakin, na kira komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Maza suka yi caa a kaina. Wani ya ce ba ni da tsoron Allah. Saminu kuwa yana tsakar gida yana kuka ya fi kowa, ana riƙe shi ana ba shi baki. Ban motsa ba sai da aka zo aka ɗauke ta zuwa lopital, wato asibiti. Likita ya rubuta abin da ya gani, kuma bai bambanta da abin da na gani ba. Ranar Alhamis bayan Azahar aka binne ta. Saminu yana hannun 'yan sanda.

Yanzu ga abin da ba ka son ji. Ka tuna watan Agustan bara, da Rabi ta gudo wurina ido a kumbure, ta yi kwana tara a ɗakina? Kai ka kira ni. Ka ce Saminu abokin cinikinka ne tun kuna samari, ya rantse maka ba zai sake ba, kuma mace ba ta zama a ɗakin yayarta da aurenta. Ka ce in mayar da ita kafin rana ta faɗi. Ni kuma na mayar. Da ƙafata na raka ta, har na tsaya a hanya na saya mata lemo. A ƙofar gidan ta riƙe gefen mayafina ta ce, "Yaya Ikilima, in ƙara ko kwana biyu mana." Na ɓamɓare hannunta, na ce ta yi haƙuri.

Saboda haka ba kai kaɗai nake tuhuma ba. Amma ni na gani da idona, kai kuwa har yanzu kana cewa mutane tsautsayi ne. Ka daina faɗin haka.

Ka gaishe min da Inna, ka ce ina nan tafe in an yi arba'in.

Ƙanwarka,
Ikilima.

Zongo, Kwatano,
22 ga Mayu, 2023.

Yaya Muhuyi,

Sallama irin ta addinin Musulunci, tare da fatan kowa yana lafiya. Yaya ruwa a wajenku? Mu nan damina ta kankama, har cikin rumfa yake bin mu.

Saƙonka ya iso. Layi huɗu ka rubuto, uku daga ciki a kan in janye magana ne. To bari in gaya maka, ba kai ka fara ba.

Makon jiya dattawa biyar suka zo har gida, da wan Saminu a cikinsu. Na shimfiɗa musu darduma, na kawo ruwa. Suka ce mu baƙi ne a ƙasar nan, bai dace mu kai junanmu gaban hukuma ana yi mana dariya ba. Suka ce ɗaurin Saminu ba zai dawo da Rabi ba. Na ce na sani, sakinsa ma ba zai dawo da ita ba. Na tambaye su, shekara shida ana jin ihunta har bakin titi, wane ne a cikinsu ya taɓa ɗaga ƙafa ya je ya buga ƙofar? Sai yanzu da mai dukan ya shiga hannu kowa ya tuna da zumunci. Suka tashi ba su sha ruwan ba.

Tun daga ranar wasu matan sun daina tsayawa a rumfata. In na shiga gidan suna sai hira ta mutu. Ban damu ba, Yaya, wallahi abin da ke cin raina ya fi wannan.

Akwai wata yarinya, Bouchra, 'yar Nijar ce daga Dosso, ɗakinta bango ɗaya ya raba da na Rabi. Ranar Laraba da la'asar ta shigo gidana da goyo, hannun hagu a naɗe cikin ɗankwali. Mijinta Kassoum ne ya karya ta, saboda ya ji tana gaya wa wata maƙwabciya abin da ta ji ta bango a safiyar da Rabi ta rasu. Ta ce ta ji komai. Ta ji Rabi tana cewa, "Saminu, numfashina," har muryar ta ɗauke. Ta ce ta tsaya da muciya a hannu, ta kasa fita, don ta san abin da zai same ta in nata mijin ya dawo. Tana faɗa tana neman gafarata. Ni ce zan yafe wa wani?

Na kai ta aka ɗaure hannun. Washegari na raka ta ofishin kula da jin daɗin jama'a, wata Madam Chérifa ta saurare ta kusan awa biyu, ta rubuta komai, ta haɗa mu da lauya mace. Ban taɓa sanin akwai irin wannan wuri ba, alhali tafiyar minti goma ce daga rumfata. Da na sani a watan Agusta! Na fito na zauna a kan dakalin ofishin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Kassoum ya zo sau biyu yana dukan ƙofa. Na ce masa ta taga, matarsa tana nan, kuma takardar likita tana komisariya, in yana son ganin ta ya same ta a can. Bouchra tana kwana a katifar da Rabi ta kwana. Ba zan raka ta ko'ina ba.

Ka ce kada in zo Jega in tayar wa Inna da hankali, shi ya sa ban zo ba. Amma ka sani, ranar da ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba.

Ka huta lafiya.

Ikilima.

Zongo, Kwatano,
9 ga Fabrairu, 2024.

Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da Anti da yara duka. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya.

An yanke wa Saminu hukunci ranar Talata. Shekara goma sha biyar. Na ɗauka zan ji sanyi a raina, amma da na dawo gida na tarar babu abin da ya canza. Kwandon lallen Rabi yana nan a ƙarƙashin gadona, ƙullin ganyen har ya fara rasa ƙamshi.

Inna Mamata ta je da sandarta ta ba da shaida, duk da an yi ta aike gidanta ana cewa ta yi shiru. Bouchra ma ta tsaya. Tafintan kotu yana ta cewa ta ɗaga murya, amma ba ta rage ko kalma ɗaya ba. Saminu bai ɗago kai ba. Da aka ce ko yana da abin faɗi, sai ya ce abinci ne ba a gama da wuri ba, zuciya ta ɗebe shi. Abinci, Yaya. A kan tuwo aka kashe 'yar Inna.

Anti Zahra'u ta kira ni ta ce ka karanta takardar likitan da na aiko, ka shige ɗaki ka yini ba ka ci komai ba, kuma kai da bakinka ka zauna ka gaya wa Inna gaskiya. Ta ce kana so ka kira ni amma ka rasa ta inda za ka fara. Na gode da ka gaya wa Inna. Ban huce ba, kuma ba zan ce maka na huce ba don ka ji daɗi. Amma kai yayana ne, kuma ina da aikin da zan ba ka.

Bouchra ta samu takardar sakinta. Yanzu tana soya ƙosai a gefen rumfata, 'yarta har ta fara tafiya. Sai dai wanta, Ousseini, ya kira daga Dosso ya ce zai zo ƙarshen wata ya mayar da aurenta, wai Kassoum ya yi nadama, ya rantse masa. Na yi masa magana ya ce shi ba ya shawara da mata. To kai namiji ne, kuma babban wa ne kamarsa. Lambarsa tana bayan takardar nan. Ka kira shi kafin ya hau mota. Kada ka yi masa wa'azi. Ka gaya masa kana da ƙanwa, ka gaya masa sunanta, sannan ka gaya masa inda take yanzu.

In kun gama magana, sai ka kira ni. Zan ɗauka.

Ƙanwarka,
Ikilima.