Irin Shibkarmu Yana Dahuwa a Rumbun Kwano

Zuwa ga Mai girma Darektan furojen gwamnati na rumbunan kwano,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya, amin.

Ranka ya daɗe, sunana Haruna Ɗan-Baƙo, manomi a Tudun Gawo, wani ɗan gari tsakanin Gidan Amumune da Mayahi. Ba za ka tuna ni ba, amma ka taɓa ba ni hannu. Ni ne dogon nan mai shuɗiyar riga da ka miƙa wa makulli ranar da ka zo buɗe mana rumbun kwano, aka yi ta tafi, mai hoto ya ce mu sake miƙawa don bai ɗauka da kyau ba. Ban yi lakkol ba, wato makarantar boko, karatun manya na yi, shi ya sa na rubuta da Hausa. Na yi takardar guda uku: ɗaya gare ka, ɗaya ga mai gari, ɗaya na liƙa a jikin rumbun da ƙaro, don kowa ya san abin da na faɗa maka.

Ba ni da lokacin kewaye-kewaye. Shamuwa ta sauka kan gawon bakin rijiya yau kwana shida, gabas ta fara haɗa baƙi da la'asar, irin shibkar gida talatin da ɗaya kuwa yana kulle cikin ƙarfe a tsakiyar rana, yana mutuwa. Ga yadda abin ya faru.

Na ɗaya. Ka san shekarar farin da ta wuce bara waccan, amma a takarda ka san ta. Mu mun ci 'ya'yan anza masu ɗaci, mun ci dusa, mun tone gidan tururuwa neman hatsi. Rabin gari ya watse zuwa kudu. A cikin waɗanda suka zauna akwai ƙanwar mahaifina, Gwaggo Hajo, wadda mijinta ya rasu, ɗanta ya tafi neman abinci bai dawo ba har yau. Tana da dami biyu na zango, geron nan namu mai dogon kai, wanda kakanmu ya riƙa zaɓa zangarniya-zangarniya tun kafin a haife ni. Ta rataye su a rufin ɗakinta, ta kwana ƙarƙashinsu wata takwas da yunwa. Na ga ranar da ta kasa tashi tsaye a salla, na ce mata ta sauke dami ɗaya mu sussuke. Ta dube ni ta ce, “Haruna, in na ci wannan, baɗi in shibka me? In shibka ka?” Da ruwa ya dawo bara, da waɗannan dami biyu ta shibka, ta kuma ɗiba wa maƙwabta huɗu. Yawancin irin da ke garin nan yau daga rufin ɗakinta ya fito.

Na biyu. Da kaka ta yi, kamyonku, babbar motar kayan nan, ya iso ɗauke da kwano naɗe kamar tabarma. Ba zan ɓoye ba, ya burge ni. Ban taɓa ganin kwano mai kauri da haske irinsa ba, da zane-zane a jikinsa kamar ganye. Ma'aikatanku suka ce an tsoma shi cikin narkakken farin ƙarfe, shi ya sa tsatsa ba ta cinsa, ɓera ba ya huda shi, gara ba ta kama shi, gobara ba ta taɓa shi. Kwana huɗu suka warware shi, suka yanka, suka ɗaure da ƙusoshi kan dandamalin siminti. Sai dai a tsakiyar fili suka kafa shi, bakin hanyar mota, inda ko inuwar kara babu. Mun nuna musu gindin gawo, malamin gonarku ya ce baƙi ba za su hango shi daga hanya ba.

Mutum ɗaya ne ya ƙi yin tafi, Mamman maƙeri. Ya zagaya rumbun, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ce kwano ne na kirki ba ƙarya, amma kwano a bisa kai yake aiki, inda iska ke bi ta ƙarƙashinsa. Ya ce shi da ya tsufa a bakin wuta ya san tukunya in ya gan ta. Muka yi masa dariya, ni ne ma na fi kowa, na ce kishi yake yi don ba shi ya ƙera ba. Yau in na hango shi sai in sake hanya.

Na uku, nan ne laifina ya shigo, kuma ba zan ɗora wa kowa shi ba. Mu ba mu sussuke iri sai daren shibka ya matso. A kansa muke barinsa, a dami, cikin rumbun kara da aka ɗaga bisa itace, iska na shiga tana fita. Malamin gonarku ya ce wannan aikin da ne. Ya ce a sussuke, a sheƙe, a zuba maganin ƙwari, a juye cikin kwano kafin ranar zuwanka, don kada ka tarar da rumbu wofi. Kwana tara suka rage. Mata suka ce hatsin bai gama bushewa ba, in an ciza ba ya ƙara. Aka ce kwano zai ƙarasa busar da shi. Mutane suka noƙe, sai aka ce ni mai karatu in yi musu bayani. Na bi gida-gida. Na rantse wa mutane da abin da ban sani ba. Na ce duk wanda ya ɓoye iri a ɗaki ya ci amanar gari, na ce a kawo duka.

Na huɗu. An sa wa ƙofar rumbun kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannuna, ɗaya a hannun malamin gona, don kada wani ya buɗe shi kaɗai. Dabara ce mai kyau in mutum biyun suna nan. Da sanyi ya shigo aka ɗauke malamin aka kai shi can bayan Tasawa, ya tafi da makullinsa a aljihu. Wanda aka ce zai maye gurbinsa har yau muna sauraren ƙarar babur ɗinsa. Ni kuma ina yawo da nawa makullin a wuya kamar laya, ba ya buɗe komai.

Na biyar. Kaji ne suka fara gaya mini. Na ga kullum suna taruwa wuri ɗaya a gindin rumbun, na duƙa na tarar da wata ƙusa ta saki, hatsi na ɗiga ɗaya-ɗaya. Na tara a tafin hannu, na ji shi da ɗumi, na sansana na ji wari kamar na tsohon ƙullu. Na ƙirga ƙwaya ɗari, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na ajiye gindin randa, yadda tsofaffinmu ke gwada iri. Wannan farkon bazara ne. Sittin da biyu suka tsira. Bayan Juma'a uku na sake, talatin da takwas. Makon jiya na sake, goma sha ɗaya, su ma ɗin sirara kamar zaren da ya sha wanki.

Ranka ya daɗe, ka zo da azahar ka ɗora hannu a jikin kwanon nan, in ka iya ƙirga biyar ban san komai ba. Da sassafe kuma, lokacin sanyi, na sha jin ruwa na ɗiga a ciki, gumin hatsi ne ya taru a rufi yana komawa kansa. Mun yi ƙoƙarin kanmu. Muka saƙa zana muka lulluɓe rumbun, muka ɗora masa jinka. Kwana biyu tsakani wata motarku ta wuce, aka tsaya aka ce mu cire, mun rufe rubutun furoje, kuma zana na jawo gobara. Muka cire. Rubutun yana nan lafiya lau, ana karanta shi tun daga hanya.

Abin da ya hana ni yanke ƙauna ɗaya ne. Hatsin da nake gwadawa na jikin bango ne, shi ya fi shan wuta. Mamman maƙeri, da na cije na je na tambaye shi, bai ko yi mini gori ba. Ya ce na tsakiya wataƙila da sauran rai, amma kowace azahar tana cin taƙi guda zuwa ciki. Tun ranar ba na iya zama wuri ɗaya. In rana ta take sai in ji kamar a kaina take dafa shi. Matata ta ce na koma kamar kazar da za ta yi ƙwai, daga gida sai rumbu, daga rumbu sai gida.

Na shida. Sau uku na aika da saƙon baki, sau biyu na taka da ƙafata zuwa ƙaramin buronku, ofishin nan na Mayahi. Zuwan farko aka ce mai buron ya tafi taro. Zuwa na biyu na same shi, na shimfiɗa masa tsumman a kan tebur, ya ture shi da bakin alƙalami ya ce shi ba a ba shi oda ba, kai kaɗai ke iya sa hannu a buɗe. Na ce to mu fasa kwaɗon gaban mai gari da liman. Ya miƙe tsaye ya ce in yi hankali da bakina, yanzu zamanin soja ne, rumbun dukiyar ƙasa ce, wanda ya taɓa kwaɗon gwamnati jandarma ne za su yi magana da shi. Kwanon naku ne, na yarda, da simintin da kwaɗon. Amma hatsin da ke ciki ban ga ranar da ya zama na ƙasa ba. Na san ƙwaryar da aka auno kowace tiya da ita, na san hannun da ya miƙo ta.

Akwai abin da ya fi duk wannan ci mini rai. Da labari ya bazu, sai na ga wasu hankalinsu kwance. Ashe sun ɓoye. Wani dami ɗaya a ƙarƙashin gado, wani cikin tulu, wani ya kai gidan surukinsa a Bawudeta. Ban ga laifinsu ba, sun fi ni hankali. Sai na tafi wurin Gwaggo Hajo ina addu'a a zuciyata Allah ya sa ita ma ta cuce ni. Na same ta tana ɗaure bakin sunguminta da sabuwar fata. Na durƙusa na ce, Gwaggo, ko zangarniya ɗaya ba ki rage ba? Ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakin, inda igiyar nan biyu ke reto ba komai, ta ce, “Ai kai ka ce a kawo duka.” Ta ci gaba da ɗaurinta. Wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Waɗanda suka ƙi yarda da ni suna da abin shibkawa. Waɗanda suka yarda da ni, su ne ba su da shi.

Kada a ce za a aiko mana da wani iri a buhu daga baya. Mun gode, amma mun taɓa gani, yakan iso bayan an yi noman farko, kuma bai san ƙasarmu ba. Zangon nan ya san rairayin Tudun Gawo, ya san ruwa ya ɗauke kwana ashirin ya jira. In ya mutu a cikin kwano, babu kasuwar da za a sayo shi, daga Mayahi har Tasawa.

Saboda haka ina roƙonka da girman Allah:

Ka aiko da makulli na biyu, ko takarda mai sa hannunka da ta ba mu izinin buɗewa, kafin ranar Juma'a mai zuwa.

Ka aika a duba sauran garuruwan da aka kafa wa irin wannan rumbu. Na ji akwai a wajen garin Cake, ban sani ba ko su ma a rana aka dasa musu. A gwada hatsinsu a tsumma, ba ya cin ko kwana huɗu.

In an kwashe irin, a bar mana kwanon. Mamman ya ce zai warware shi mu rufa ɗakin karatun manya da shi, ya daɗe yana yi mana aiki, mu riƙa sa muku albarka.

In Juma'a ta zo babu makulli babu takarda, to ina sanar da kai tun yanzu don kada a ce an yi a ɓoye. Bayan an sauko daga masallaci zan buɗe kwaɗona da makullina, in yanke ɗayan da zarto, da rana tsaka, gaban duk wanda ya so gani. Za mu shimfiɗa tabarmi gindin gawo, kowane gida ya karɓi abin da ya kawo, Gwaggo Hajo ce farko. Zarton na saya da kaina a kasuwar Gidan Amumune, kada a tambayi maƙeri. Mai gari ya hana ni, liman ya ba ni haƙuri, ba su da hannu. In jandarma sun zo, ba sai sun sha wahalar nema ba, gidana ne na uku daga rijiya, mai ƙofar kara. Na riga na gaya wa ƙanena yadda zai yi da gonata. Ina jin tsoro, ba zan yi maka ƙarya ba, ban taɓa kwana a kulle ba. Amma da bakina na tara hatsin nan, ba zan zauna makulli na rataye a wuyana ya ƙarasa dahuwa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya sa ka gama aikinka da mutunci, ya kare zuriyarka daga ganin shekara irin wadda muka gani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa ruwan farko ya tarar da iri a hannun masu shi.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Haruna Ɗan-Baƙo,
mai riƙe da makulli ɗaya,
Tudun Gawo.