Sunan Inna a Jikin Kwalba

Kwatano, Jamhuriyar Benin

Ƙanena Abdulnasir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da Munira da yara. Ya ƙafar Inna? Ni ƙalau nake, barci ne kawai ya ɗan yi mini wuya.

Ka san mutanen da nake kai wa haɗin shayin Inna, da citta da kanumfari da na'ana'ar da take shanyawa da hannunta. Na ɗauka shayin kwalba suke yi. Ran Talata suka kira ni ɗanɗano, aka miƙo mini kofi mai kumfa. Kurɓa ɗaya na yi. Ƙamshin ɗakin Inna ne sak, amma giya ce, Abdulnasir. Na tofar, har yanzu istigfari nake.

Abin da ya fi muni, a jikin kwalbar an rubuta "Inna Sakinatu, Bagudo". Ni na ba su sunan, ni na sa hannu a takardar Faransanci, na ƙi tafinta don kada a raina ni. Tun da na bar gida ban roƙi kowa ba, amma jiya na durƙusa wa mai kamfanin. Ya ce kwalaben sun riga sun shiga kasuwa.

Direbobin Illo, maƙwabtanmu na Bagudo, kullum suna nan. In ɗayansu ya ɗauki hoton kwalbar a waya, hoton zai riga ni isa gida.

Don Allah ka ce wa Inna ta dakata da shanya, kaya sun yi yawa a nan. In ta tambaya ko sun yaba haɗinta, ka ce sun yaba. Allah ya rufa mana asiri.

Yayanka,
Bunyaminu